Kundin aiki: nawa ke shiga gidan Bronx a shekara?

Asabar, 14 ga Satumba, 2024

Jiya bayan sallar Juma'a shugaban ƙungiyarmu ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce, "Ɗana, an ce lissafi kake karantawa. Muna so mu nemi tallafin buɗe ajin da yaranmu za su riƙa zuwa bayan an tashi makaranta, takardar kuma tana tambayar abin da gidajen wurin nan ke samu a shekara. Ka samo mana lambar." Na ce, "To, Baba, in sha Allahu." Na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aikin ya kai, ko wani ya gaje ni ya ɗora.

An yi sa'a aikin ya zo a makon fitar alƙaluma. Ranar Talata Hukumar Ƙidaya ta Amurka ta ce kuɗin shigar gida na tsakiya a duk ƙasar ya kai dala 80,610 a 2023. Ranar Alhamis kuma ta saki sakamakon shekara ɗaya na ACS, wato binciken gidaje da take yi duk shekara, wanda shi ne ke gangarowa har matakin gunduma. Bincike biyu ne daban, da tambayoyi daban, saboda haka ba a ɗauko lambar wannan a gwada da ta wancan. Mu ACS ne namu. Bronx gunduma ce mai zaman kanta cikin gundumomi 62 na jihar New York, lambarta a kundin hukuma 36005, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum 1,472,654 a cikinta. Teburin da nake bukata shi ne B19013. Na buɗe shi: adadin Bronx bai kai dala 50,000 ba, yana can ƙasa da adadin ACS na ƙasa baki ɗaya da rata mai faɗi.

Kalmar "tsakiya" ita ce farkon abin da zan yi wa dattawa bayani, don ba ɗaya take da matsakaici ba. A ce gida bakwai ne a layi, suna samun dala dubu 22, 28, 31, 40, 46, 55, na bakwai kuma attajiri ne mai dubu 600. In aka tara aka raba bakwai, matsakaici ya haura dubu 117, adadin da gida shida cikin bakwai ba su taɓa gani ba. In kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka nuna na huɗu, dubu 40 ne: uku na ƙasa da shi, uku na sama. Attajirin nan ko ya ninka dukiyarsa sau goma, na huɗu na nan inda yake. Shi ya sa ake auna halin talaka da adadin tsakiya.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na shafe makon nan ina karanta ma'anar kalmomi, kuma a nan na fara ganin mutanenmu a cikin tebur. A wurin hukumar, "gida" shi ne duk mutanen da ke zaune tare a muhalli guda, ko da dangantaka ko babu. Samari huɗu da suka haɗa kuɗin haya, ɗaya direban tasi, ɗaya mai kai abinci a keke, biyu masu gadi, gida ɗaya ne, kuma za a tara abin da kowannensu ya samu a rubuta lamba guda. A takarda sai su zama gida mai rufin asiri, alhali kowanne da iyalin da yake ciyarwa a Kumasi ko Yamai ko Kano. Kuɗin da ake turawa gida kowane wata ba a cire shi. Haraji ma ba a cire shi, domin kuɗin da ake tambaya na kafin haraji ne.

Ta ɗaya gefen kuma, katin abinci na SNAP da rangwamen haya da inshorar lafiya ta Medicaid ba sa shiga lissafi, tunda ba tsabar kuɗi ba ne. Ana ƙirga abin da duk mai shekara 15 zuwa sama ya samu cikin wata goma sha biyu kafin ranar da aka tambaye shi. Mazauna gidajen kwanan marasa galihu, da ɗakunan ɗalibai, da kurkuku, ba sa cikin lissafin gidaje ko kaɗan. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai, don na san baƙi da yawa da suka iso birnin nan cikin shekaru biyun nan a irin waɗannan wurare suke kwana, kuma su ne suka fi kowa bukatar ajin da muke nema.

Talata, 8 ga Oktoba

Kusa da kowace lamba a teburin akwai wata ƙarama da alamar ƙari da ragi. Ita ce tazarar kuskure, kuma ita ce ainihin aikin da na ɗauko, duk da cewa ba ita aka aike ni in kawo ba.

ACS ba ƙidaya ba ce. Adireshi kusan miliyan uku da rabi ake zaɓa a shekara a duk faɗin ƙasar, a aika musu, wasu su amsa ta intanet ko ta wasiƙa, sannan a cikin waɗanda suka yi shiru a sake zaɓar wani kaso a tura ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da wasu gidaje ne suka faɗo cikin zaɓin maimakon waɗannan, da lambar ta ɗan bambanta. Tazarar tana faɗin iyakar wannan bambanci ne a matakin amincewa na kashi 90 cikin ɗari: in da za a yi ta maimaita binciken ana zana zango, wato iyakar ƙasa da ta sama, kowane karo, tara cikin goma na zangunan za su ƙunshi ainihin adadin. In aka raba tazarar da 1.645 sai a sami ma'aunin kuskure, wanda da shi ake duk sauran lissafi.

Da yamma na kira Baba, shugaban ƙungiyarmu, na gwada masa bayanin. Na ce, "Baba, kun san mai sayen gero a kasuwa ba ya zazzage buhu. Ƙarfen nan mai tsini yake sokawa, ya tari ɗan abin da ya zubo a tafin hannu." Ya ce, "Haka ne, amma mai wayo sai ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi." Na ce to abin da hukumar ke yi ke nan, tazarar kuma ita ce faɗin yadda tafin hannu zai iya saɓa wa buhu. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To in mai buhun ya cusa tsakuwa inda ƙarfen ba ya kaiwa fa?" Tambayar nan daidai take da abin da littattafanmu ke kira kuskuren da ba na samfuri ba, wato wanda bai taso daga zaɓen gidajen ba. Tazarar ba ta auna shi.

Akwai wani abu da sakataren ƙungiya ya so mu rubuta, cewa kuɗin shiga ya ƙaru ko ya ragu daga bara. Na nuna masa gwajin da lambobin misali. A ce bara dala 60,000, bana 61,500, kowanne da tazarar 1,600. Ma'aunin kuskuren kowanne 973 ne. A ninka kowanne da kansa, a tara, a cire saiwa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar, a sami kusan 1,376. Bambancin 1,500 in aka raba da 1,376 ya ba da 1.09, bai kai 1.645 ba. Ke nan ba mu da hujjar cewa wani abu ya motsa. Kafin ma a kai nan sai an mayar da kuɗin shekarun biyu zuwa darajar dala ta shekara guda, don tsadar kaya ta 2022 da 2023 kaɗai ta isa ta sa lamba ta hau alhali aljihu bai ƙaru ba. Mun cire jimlar daga daftari.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na so in gina adadin tsakiya da hannuna don in gane shi sosai. Teburin B19001 ya kasa gidaje rukuni 16, daga ƙasa da dala 10,000 har zuwa 200,000 ko fiye. Na yi ta tara gidajen daga ƙasa har na iso rukunin da rabin jimla ya faɗa ciki, sannan na ɗauka cewa gidajen sun bazu daidai wa daida a cikin rukunin, na auna inda rabin ya tsaya. Abin da na samu ya yi kusa da na hukuma amma bai hau kansa ba, kuma dalili a bayyane yake: su suna aiki da rukunai masu ƙanƙanta fiye da waɗanda suke wallafawa.

Tazarar adadin tsakiya ta fi ta matsakaici wuyar samu, don babu wata gajeriyar dabara da za a ɗora mata. Hanyar da Farfesarmu ta nuna mana ta Ralph Woodruff ce, ta 1952, kuma ta burge ni ƙwarai. Maimakon a tambayi kuskuren dala, sai a tambayi kuskuren kashi 50 ɗin kansa. A ce ma'aunin kuskurensa maki 2 ne. A ninka da 1.645, a sami 3.3. Sai a koma jerin gidajen a karanta kuɗin gidan da ke kan kashi 46.7 da na wanda ke kan kashi 53.3. Waɗannan biyun su ne iyakokin zango. Inda gidaje suka cunkushe a tsakiya, zangon zai matse. Inda suka warwatsu, zai buɗe, kuma ba dole ne gefe biyun su yi tsawo ɗaya ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na sauko da fayil ɗin PUMS na 2023, wato amsoshin gida-gida da aka goge sunaye da adireshi. Ba ya nuna gunduma kai tsaye. Yana nuna yankuna masu aƙalla mutum 100,000, kuma Bronx ta kasu goma, sun yi kusan daidai da yankunan al'umma 12 na gundumar, an haɗe wasu biyu-biyu. Gidajen Bronx sun haura rabin miliyan, amma layukan da ke gabana 'yan dubbai ne. Kowane layi na ɗauke da nauyi, wato yawan gidajen da yake wakilta.

Kwana biyu lambata tana fitowa ƙasa da yadda ya kamata. Na bi lissafin layi-layi har na gano ban ninka kuɗin da ADJINC, lambar daidaita darajar dala, ba. Tunda wanda aka tambaya a Janairu kusan duk labarin bara yake bayarwa, wanda aka tambaya a Disamba kuma na bana, dole a daidaita su zuwa dalar shekara ɗaya, kuma sai an raba lambar daidaitawar da miliyan ɗaya kafin a yi amfani da ita. Da na gyara, sakamakon ya shiga cikin tazarar na hukuma. Ba zai taɓa zama daidai cif ba, domin PUMS wani yanki ne na samfurin, ba dukansa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ginshiƙai 80 da ke ƙarshen fayil ɗin, WGTP1 zuwa WGTP80. Kowannensu nauyi ne da aka ɗan jirkita, kamar an sake zaɓen gidajen ne a wata rana. Na sa manhajar lissafi ta R ta fitar da adadin tsakiya sau 80, na cire na asali daga kowanne, na ninka kowane bambanci da kansa, na tara, na ninka da 4, na raba da 80, na cire saiwa. Ma'aunin kuskure ke nan. Na zana lambobin tamanin a allo na zauna ina kallonsu, sun taru kusa da juna kamar tumaki a inuwa, ɗaya-ɗaya sun ɗan ware. A aji na sha jin maganar tazara, amma yau ne na gan ta da idona.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

A taron daren jiya wata Hajiya daga ɓangaren mata ta ce, "Malam, mu ba Bronx duka muke nema wa ba. Namu muke nema wa. Ka fitar mana da na gidajen Hausawa." Gaskiyarta ce, kuma ni ma abin da zuciyata ke so ke nan. Na ce, "Hajiya, ku ba ni zuwa gobe."

Ga abin da na tarar. A teburin harsuna da hukumar ke wallafawa, Hausa ba ta da layinta. An zuba ta rukuni ɗaya da Amharik da Somaliyanci da sauran danginsu, yayin da Yarbanci da Ibo da Tuwi ke wani rukunin. In na bi ta ƙasar haihuwa, Gana da Najeriya suna da lambobinsu, amma mutumin Gana a Bronx ya fi yiwuwa ya zama Ashanti, na Najeriya kuma Bayarabe ko Ibo. Ga kuma 'yan zangon Gana da yawa da za su rubuta Tuwi ko Turanci a takarda duk da cewa Hausa ake yi a ɗaki. Na gwada tace layukan ta hanya mafi kusa da zan iya, sai gidajen da suka rage suka zama 'yan tsiraru. Na kunna nauyin nan tamanin a kansu, lambobin suka watse, zangon ya yi faɗin da zai ɗauki mai fama da haya da mai shirin sayen gida a lokaci guda.

Ƙa'idar ba ta da sassauci: don a rage tazara da rabi, sai an ninka samfuri sau huɗu. Kuma ko an ninka, maganar Baba ta tsakuwa tana nan. Na san gidajenmu. Wasiƙar gwamnati ta zo, sai a ajiye ta a kan firji, musamman in akwai wanda takardunsa ba su kammala ba, duk da cewa doka ta hana hukumar miƙa amsar mutum ga wata ma'aikata. Wanda ya amsa ma yakan tsallake tambayar kuɗi, don a tarbiyyarmu ba a faɗa wa baƙo abin da ke aljihu. Inda aka bar gurbi, hukumar tana cike shi da amsar wani gida mai kama da wannan. Dabara ce mai kyau, amma in duk masu shirun sun fi masu amsawa talauci, cikon zai karkata, kuma alamar ƙari da ragi ba za ta nuna ba.

Na gaya wa Hajiya ba zan rubuta lambar Hausawa ba. Ba ta ji daɗi ba, na ga haka a fuskarta, kuma abin ya dame ni har na kwanta. Amma lambar da na san ba ta da ƙafa, in na sa ta a takarda da sunan ƙungiya, amanar mutane na ci.

Juma'a, 13 ga Disamba

Jiya aka saki alƙaluman shekara biyar, 2019 zuwa 2023. Da su aka fi dogara ga wurin da bai kai mutum 65,000 ba, kuma su ne ke sauka har ƙananan unguwanni. Don in nuna wa kwamiti yadda girman wuri ke juya tazara, na ɗauko gundumar Hamilton, can cikin tsaunukan Adirondack, wadda ta fi kowace ƙarancin jama'a a jihar, mutum 5,107 a 2020. Yawancin gidajen can na hutu ne, masu su ba sa zama sai lokacin zafi. Ko da aka tara amsoshin shekara biyar, tazararta ta ninka ta Bronx sau da yawa.

Na kuma duba ƙananan yankunan da ke kewaye da masallacinmu, masu mutum dubu uku zuwa biyar kowanne. Halinsu irin na Hamilton ne. Biyu da ke maƙwabtaka sun bambanta da dubban daloli a takarda, amma zangunansu sun hau kan juna har ba a iya cewa wanne ya fi. Wani abin lura: 2020 tana cikin shekarun nan biyar, shekarar da annobar korona ta dagula tattara amsoshi har hukumar ta ƙi fitar da sakamakon shekara ɗaya yadda ta saba.

Asabar, 21 ga Disamba

Lamba ta uku ta iso a makon nan, ta shirin SAIPE, wanda ke ba kowace gunduma a ƙasar, babba da ƙarama, adadin shekara guda tare da iyakar ƙasa da ta sama a kashi 90. Yadda ake yi shi ne a haɗa amsar ACS da abin da takardun gwamnati ke nunawa, kamar bayanan haraji da ƙididdigar kuɗin shigar jama'a ta ofishin nazarin tattalin arziki. Asalin dabarar ta Robert Fay da Roger Herriot ce, a 1979, lokacin da suke neman kuɗin shigar garuruwan da ba su kai mutum dubu ba.

Hikimar ita ce shaidu biyu ake saurara, a ba kowanne nauyi gwargwadon ƙarfinsa. Shaida ta farko amsar mutanen gundumar ce. Ta biyu hasashe ne: gunduma mai irin wannan haraji, bisa abin da aka gani a gundumomi sama da dubu uku, kusan nawa ya kamata ta samu? A Bronx samfuri na da yawa, don haka shaidar farko ce ke rinjaye, lambar SAIPE ta zauna kusa da ta ACS. A Hamilton hasashen ne ke ɗaukar kaya. Ana aron ƙarfi daga maƙwabta, tazara ta ragu, amma da sharaɗin gundumar ta yi kama da sauran. Wurin da mutane da yawa ke aikin hannu da hannu ba sa cike takardar haraji, hasashen zai iya kuskure masa. Kuma wannan ba lissafin aji ba ne kawai: da alƙaluman talaucin yara na SAIPE ake raba kuɗin tarayya ga makarantun 'ya'yan talakawa.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Na miƙa shafi ɗaya ga kwamiti bayan azahar. A sama na sa lambar SAIPE ta Bronx ta 2023 da iyakokinta biyu, a ƙasa lambar shekara biyar ta yankin da masallaci yake ciki da tazararta. Na rubuta a fili cewa alƙaluman ba su haɗa da mazauna gidajen kwanan marasa galihu ba, kuma ba su ware Hausawa ba. Sakatare ya ce iyakokin za su sa mu yi kama da waɗanda ba su tabbatar da maganarsu ba. Baba ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan iyakar sama ya ce, "Ko wannan ce gaskiyar, ai har yanzu muna ƙasa da sauran ƙasar da nisa. A bar su duka."

Hajiya ce ta kawo mataki na gaba. Ta ce in gwamnati ba ta ƙirga mu ba, mu ƙirga kanmu, kuma matan za su fi sakin jiki da ita fiye da ni. Mun tsaya a kan takarda mai tambaya shida, babu suna, babu adireshi, kuɗin shiga a rukuni-rukuni maimakon lamba, da tambaya ɗaya kan abin da ake turawa gida. Na roƙi kada a raba ta ga waɗanda suka zo taro kawai, don masu aikin dare da masu aiki biyu su ne ba sa zuwa. Za mu ɗauki rajistar membobi, mu ba kowane gida lamba, kwamfuta ta zaɓo, sannan a bi waɗanda aka zaɓa har sai an same su. Rajistar tana hannun ma'aji, ya ce zai kawo ta ranar Juma'a. Kafin nan zan fassara tambayoyin zuwa Faransanci saboda 'yan'uwanmu na Nijar, in kuma lissafa gida nawa za mu bukata kafin zangon ya matse ya zama abin amfani.